Yunit ɗaya bai yi wa mage kaɗan ba

Ɗana, ka tambaye ni game da muzurun nan mai kilo 5 da muka ɗora a kan insulin saboda ciwon sukari. Ranar farko mitar auna sukarin jini ta nuna 430, bayan kwana uku mai shi ya dawo da shi ta nuna 390, kai kuma kana ganin yunit 1 safe da yamma wasa ne, me zai hana a kai shi 3 a huta? Ka kuma ce ba ka ga dalilin ɗora wa mai dabba wahalar huda kunnen mage don auna sukari a gida ba, tunda muna da mita a asibiti. Tambayoyin nan biyu jijiyarsu ɗaya, bari in bi maka su.

Wannan 390 ɗin da ya tayar maka da hankali, ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Dabbar da aka cusa a kwando, aka yi ta girgiza ta a mota, ta zo ta tarar da kare yana haushi, sannan mutum biyu suka danne ta a kan tebur, sukarinta zai hau ko da lafiyarta ƙalau. Mage ta fi kare wannan hali nesa ba kusa ba, tsoro kaɗai yana iya kai ta 300 ko fiye. Shi ya sa tun farko ba mu yanke cewa ciwon sukari ne da lamba ɗaya ba. Mun ji labarin yawan shan ruwa da yawan fitsari da ramewa alhali yana cin abinci kamar ba gobe, mun ga sukari a fitsari, mun kuma aika jini gwajin furuktosamin, wanda ke nuna yadda sukarin ya kasance a mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, tsoron minti goma ba ya motsa shi. To in ba mu yarda da lambar asibiti wajen gane ciwon ba, ta yaya za mu yarda da ita wajen ƙara allura?

Na biyu, kwana uku ba komai ba ne. Ciwon sukarin yawancin maguna irin na manyan mutane ne masu ƙiba: fankiriyas, gaɓar ciki mai yin insulin, yana nan yana fitar da shi, jiki ne ya daina sauraronsa. Sukarin da ya daɗe a sama kuma shi kansa yana dankwafar da ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin. Da ka fara allura sukari ya ɗan sauka, sai ƙwayoyin nan su fara farfaɗowa su koma aiki. Ma'ana, adadin da ya yi daidai yau yana iya zama guba nan da mako biyu, ba tare da ka canza komai ba. Wanda ya ruga ya kai yunit 3 a rana ta uku, insulin ɗinsa da na magen za su haɗu a tsakiyar dare, lokacin da kowa ke barci.

Ka riƙe ƙa'idar. Ana farawa da yunit 0.25 zuwa 0.5 a kan kowane kilo, kuma da nauyin da ya kamata dabbar ta kasance ake lissafi, ba da tumbin da take ɗauke da shi ba. Muzurunmu ya kamata ya zama kilo 4, ka ga yunit 1 ke nan, duk awa 12. Ko mage ta kai girman me, ba a fara mata da fiye da yunit 2. Ƙari sai bayan kwana 5 zuwa 7 aƙalla, rabin yunit ko yunit 1 a lokaci guda. Ragewa kuwa ba ta jiran kowa, ranar da ka ga sukari ya yi ƙasa ranar za ka rage. Sukari mai yawa a hankali yake cin dabba, cikin makonni da watanni. Ƙarancinsa yana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ya kashe kafin gari ya waye.

Abu ɗaya ne ke sa in fasa wannan haƙuri: magen da ta daina cin abinci, tana amai, ta lafe wuri ɗaya. Nan da nan a tsoma tsinken gwajin kiton, gubar da ke taruwa in jiki ya koma ƙona kitse, a fitsarinta. In ya canza launi, ta tashi daga aikin gida, kwantar da ita za a yi a sa mata ruwa.

Yanzu zo mu duba firji, don a nan ne aka fi kashe maguna ba da niyya ba. Insulin ƙarfi biyu ne a hannunmu. ProZinc da Caninsulin, wanda a Amurka ake kira Vetsulin, yunit 40 ne a cikin mililita ɗaya. Lantus na mutane ne, yunit 100 a mililita ɗaya. Kowanne da sirinjinsa: na mai yunit 40, wato U-40, galibi jan murfi gare shi, na mai yunit 100, wato U-100, mai ruwan lemo. In mutum ya zuƙi Lantus da sirinjin U-40 zuwa layin farko, yana zaton yunit 1 ya ba da, alhali 2.5 ya zuba. In aka juya, aka zuƙi ProZinc da sirinjin U-100, dabbar ba ta samu ko rabin haƙƙinta ba, kai kuma kana nan kana ta ƙara adadi kana mamaki. Kada ka dogara da launin murfi kaɗai, ka sa mai dabba ya karanta maka rubutun jikin kwalba da na jikin sirinji da bakinsa. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, ba a kuma sirka shi da komai. ProZinc fari ne dishi-dishi, a mirgina shi a tafin hannu a hankali har ya haɗe. Caninsulin shi kamfaninsa ya ce a girgiza sosai, sai dai a jikin mage yakan ƙare da wuri kafin awa 12 ta cika, shi ya sa ba shi nake fara ɗauka ba in akwai sauran biyun. Duk a cikin firji suke zama, can ciki ba a ƙofa ba, wanda kuma ya taɓa daskarewa ya mutu, a zubar.

Koyar da mai dabba kuwa ba a yin ta da baki. Ka ba shi sirinji da ruwan gishirin allura, ya zuƙa a gabanka, ya ɗaga sama ya ƙyasta da farce har ƙwayar iska ta hau ya fitar da ita. Yunit 1 ɗigo ne da ƙyar ido ke gani, ƙwayar iska ɗaya tana iya cinye rabinsa. Sannan ya kama fatar kwiɓi da yatsa biyu ya ɗaga, ya soka a gindin wurin da ya tashi, ya danna, ya zare, ya shafa gashin. In ya ji danshi, allurar ta ɓulla ta ɗaya gefen. A nan ne kowa ke son ya sake yi. Ka hana shi da babbar murya: ba ka san nawa ya shiga ba, a bari sai lokacin allura ta gaba. Allura ɗaya da aka rasa ba ta kashe mage. Ka kuma tambayi mutum nawa ne a gidan, don miji ya yi allura ya fita, matar ta tashi ta sake yi, abu ne da ke faruwa. A rataye takarda a jikin firji, duk wanda ya yi ya rubuta lokaci.

Sai kunnen da kake tausaya wa. Ɗaga kunnen mage ka haska shi da tocila ta baya, za ka ga wata siririyar jijiya ta bi gefe ta zagaye. Tsakaninta da bakin kunnen ake hudawa. Sirrin duk a ɗumi yake: kunne mai sanyi ba ya ba da jini, sai a yi ta huda a banza har dabba ta tsani mutum. A riƙe shi da tsumma mai ɗumi na minti ɗaya, a shafa ɗan basilin kaɗan don jinin ya taru ya yi ƙwallo kada ya bi gashi, a tokare bayan da auduga, a huda sau ɗaya. Tsinken gwajin sukari yana cikin mita tun kafin nan. A kai bakinsa ga ɗigon ya zuƙa da kansa, a danne wurin da audugar na ɗan lokaci, a ba ta wani abin da take so. Makon farko da wuya, ba na ɓoye wa kowa. Bayan haka kunnen yakan riƙa ba da jini cikin sauƙi, maguna da yawa ma allurar insulin ta fi damunsu da wannan. Wadda ta ƙi kunne a gwada tafin ƙafa.

Mitar ma a san wace ce. A jinin mage kusan duk sukarin a cikin ruwan jini yake, a na mutum kuwa kaso mai yawa yana cikin jajayen ƙwayoyi, don haka mitar mutane takan nuna ƙasa da gaskiya a mage. AlphaTrak an daidaita ta don kare da mage. Wanda ba shi da ita ya yi da ta mutane, amma ya tsaya a kan guda ɗaya, mu kuma mu gwada ta da namu sakamakon sau ɗaya mu san tazararta. Ka kuma duba ma'aunin da take magana da shi. Wata mg/dL take nunawa, irin lambobin da nake ba ka a nan, wata mmol/L, tsakaninsu ninki 18. Mutum ya kira ka ya ce "ta nuna 20", kada ka ce ya ɗebo zuma don zaton sukari ya faɗi, wataƙila 360 yake nufi. Akwai kuma FreeStyle Libre da ake aske gashi a manna a fata, an yi shi ya kai kwana 14, ko da yake maguna da yawa sukan ɓamɓare shi kafin nan. Yana da amfani ƙwarai ga dabbar da ba ta taɓuwa, amma ruwan ƙarƙashin fata yake aunawa, yana bin jini a baya da 'yan mintoci. In ya nuna ƙasa sosai a tabbatar da kunne.

Abin da muke nema daga gida ba lambar safe kaɗai ba ce. Bayan mako ɗaya, mai dabba ya ware yini guda, ya auna kafin allura, sannan duk awa 2 har allura ta gaba. In Lantus ne duk awa 3 ko 4 ya isa, don aikinsa a shimfiɗe yake. Idonka ya fara sauka a kan lamba mafi ƙanƙanta, ita ce ke yanke adadi. Muna son ta tsakanin 80 da 150, mafi girma kuma kada ta wuce 250 zuwa 300, wajen iyakar da ƙoda ke fara zubar da sukari a fitsari. Mage tana iya nuna 350 da safe, 350 da yamma, alhali da rana ta sauka 55. Wanda ya ga biyun can kawai zai ƙara insulin. Wanda ya ga ta tsakiya zai rage. Kuma ko jadawalin gidan ba ya fita iri ɗaya kwana biyu a jere, don haka a haɗa shi da abin da ido ke gani: ruwan da ta sha a awa 24, a aune shi da kofi ɗaya kullum, yawan jiƙewar yashin fitsarinta, da nauyinta duk mako. Magen da ta rage shan ruwa, nauyinta ya tsaya, tana tsalle tana hawa kujera, ba na taɓa mata adadi saboda wata lamba ɗaya ta yi muni.

Kada wani ya fita ƙofar nan da kwalbar insulin bai san alamun faɗuwar sukari ba: tangaɗi, kasala, ƙwayar ido ta buɗe, kuka irin wanda ba a saba ji ba, karkarwa, jijjiga. In tana iya haɗiya a ba ta abinci nan take. In ba ta iya ba, a lakato zuma ko ruwan gulukos a goga mata a dasashi, ba a ɗura mata a baki don kada ta shaƙe, sannan a taho da ita ko da ta miƙe, saboda insulin mai dogon zango zai sake ja ta ƙasa bayan zumar ta ƙare. Lamba ƙasa da 60 ko babu alama a ɗauke ta da gaske. Ranar da ta ƙi cin abinci kuma, ko aka auna kafin allura aka ga lambar ta yi ƙasa da yadda aka saba, a kira mu kafin a soka.

Abinci rabin magani ne. Na gwangwani mai yawan nama, mai ƙarancin sitaci, shi ya fi busasshe. Amma ka lura, sauya abinci kaɗai yana iya sauke sukari sosai, don haka makon da aka sauya shi ne makon da awo ya fi zama dole. Mai ƙiba a rage mata a hankali, kamar kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. Ba a horar da mage da yunwa, kitse ne zai cika mata hanta.

In ka ga adadi ya haura yunit 1.5 a kowane kilo babu sauyi, daina ƙarawa. Sa a kawo kwalbar da sirinjin a yi allurar a gabanka. In hannu daidai ne, nemi ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, kumburin fankiriyas, ko maganin sitiroyid da wani ya ba da, har na shafawa. Sai ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa mai sa sinadarin girma ya yi yawa, wanda ake ganowa da gwajin IGF-1, ya fi yawa a maguna fiye da yadda aka zata a da. Wani zai tambaye ka sabbin magungunan sha, Bexacat da aka amince da shi a Amurka a 2022 da Senvelgo a 2023. Magen da ta riga ta hau insulin ba a mayar da ita kansu, don suna iya jawo kiton alhali mita na nuna sukari daidai.

Abin da ya sa nake matsa wa masu dabba su koyi awo tun makon farko shi ne mage, ba kamar kare ba, tana iya sauka daga insulin gaba ɗaya, musamman a watanni 6 na farko in an kama sukarin da wuri. Babu mai gane wannan rana sai mai mita a gida. Lambobin kafin allura za su riƙa sauka, mu riƙa zare rabin yunit, har a tsaya. In ta yi mako 4 sukarinta daidai babu allura, ta samu sauƙi, amma ba warkewa ba ce, wasu ciwon yakan dawo musu. A ci gaba da abincin nan, a hana ta ƙiba, a kauce wa sitiroyid in da hali, a riƙa huda kunnen lokaci-lokaci, kuma da an ga kwanon ruwa ya fara ƙarewa da wuri a auna a ranar.