Filin Makiyaya: Kafin Ka Sayi Akwatin Matse Shanu, Auna Ƙahon Shanunka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shanu 38 a gonata da ke bayan Wudil, yawancinsu Bunaji, sai Rahaji shida da na sayo a Maigatari. Duk ranar allura sai na tara samari biyar mu wuni muna kayar da su ɗaya bayan ɗaya. A watan jiya wani bijimi ya karya wa yarona hannu. Yanzu wani ɗan kasuwa ya nuna mini hoton akwatin ƙarfe na ƙasar waje mai maƙale wuyan saniya, har da sikeli a ƙasansa, amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. In saya, ko akwai wata dabara? Mai kiwo daga Wudil.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Ni ma lokacin da nake aikin allurar ciwon huhu ruga-ruga, wata karsana ta taɓa haɗa ni da bishiyar ɗorawa, har yau in sanyi ya shigo haƙarƙarina yana tuna mini da ita.

Kada ka saya tukuna. Yawancin irin wannan akwati an ƙera shi ne don shanun Turai da Amurka, waɗanda ko dai ba su da ƙaho ko an cire musu tun suna maruƙa. Naka kuwa Bunaji ne da Rahaji, kuma ƙahon babban san Rahaji ɗaya yakan kai mita guda. Ta ina zai cusa kansa cikin ƙofar da aka yi don kan da ba shi da ƙaho? Na taɓa zuwa wata gona inda aka kashe maƙudan kuɗi kan irinsa, na tarar kaji na ƙwai a ciki, shanun kuma ana ta kayar da su da igiya a gefensa. Da Bokoloji kake da su, masu guntun ƙaho, da maganar ta ɗan sauya.

Abin da kake bukata da farko shi ne lungu: shinge biyu masu ƙarfi da saniya za ta bi ta tsakaninsu, ba damar juyawa. Mai walda na gari zai yi maka shi da bututun ƙarfe mai kauri. Faɗinsa daga ciki santimita 70 zuwa 75. Nan ne masu walda ke ɓata aiki, suna ganin ƙara faɗi alheri ne, alhali da zarar ya yi faɗi saniya za ta nemi juyawa ta maƙale, ko biyu su cusu tare. Tsayi kuwa a kai shi mita 1.8, domin shanunmu masu tozo sun fi na Turawa tsalle. Saboda ƙaho, a ɗan buɗa shi ta sama ya fi ƙasa faɗi, a kuma bar tazara tsakanin ƙarafunan sama. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ka kai mai waldar garken ya auna san da ya fi kowa ƙaho. Tsawon mita tara zai ɗauki shanu huɗu ko biyar a lokaci guda, ya ishe ka.

Ginshiƙan a binne su da kankare, tazarar mita ɗaya da rabi, a kuma liƙa ƙarafunan kwance ta ciki, don in saniya ta jingina nauyinta ya koma kan ginshiƙi, ba kan walda ba. In da itace za ka yi, ka san gara na jiranka. Daɓen ƙasa kada a goge shi sumul. Siminti mai santsi da ɗanyen kashin shanu, karaya ce kawai. A tsattsaga shi tun yana ɗanye. A gaba ƙofa mai sakata, a baya kuma sandar ƙarfe da za a zura bayan saniyar ƙarshe. Ka bar 'yar kafa a jikin shingen da ake tara shanun kafin su shiga lungun, wadda mutum zai zame ta ciki amma sa ba zai iya ba. Da akwai ta, wataƙila da yaronka ya tsira.

Wata malamar jami'a a Amurka, Temple Grandin, ta yi suna kan nazarin halin shanu a irin wannan wuri, kuma abin da ta gano Bafulatani ya daɗe da saninsa. Saniya tana gani kusan ko'ina ban da bayanta daidai, tana tsoron inuwa mai ratsa hanya da tsumman da ke reto, ba ta son shiga duhu, ba ta kuma son fuskantar rana ido da ido. Don haka kada ƙofar fita daga lungun ta kalli gabas in da safe kake aiki. In kana so ta yi gaba, tsaya bayan kafaɗarta. Mu kuma muna da abin da su ba su da shi: shanunmu bin makiyayinsu suke yi. Ya wuce gaba yana kiransu, ya fi sanda goma.

Sikeli abu ne mai kyau, amma ƙura da ɓera da matsalar batir suna kashe shi da wuri. A yanzu sayi tef ɗin awon shanu, ka zagaya ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, zai ba ka kusan nauyinta. Awon nan yana da amfani, domin magani da nauyi yake tafiya: allurar ivermectin da aka saba, ta maganin tsutsa da kaska, alal misali, mil ɗaya ce ga kowane kilo 50, kuma awon ido shi ke sa ana ba da rabin magani kaska ta ƙi mutuwa.

Wurin lodi a mota ba sai an wahala ba, tudun ƙasa da bulo ya isa, muddin bai yi tsaye da yawa ba.

In an gama lungun, kada ranar farko ta zama ranar allura. Ka buɗe ƙofofin duka, ka zuba dusa a ɗaya bakin, su yi kwana uku suna ratsawa ba wanda ya taɓa su. Rahajin nan shida kuwa ka sa su a tsakiyar layi, bayan tsohuwar saniya mai sanyin hali.