Ga 'yar'uwar da ta ce salamar Kirsimeti ba ta shafe ta ba bana

'Yar'uwa, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kin ce tun rasuwar maigidanki, in aka karanta "Sarkin Salama" a sujada sai ki ji kamar ba da ke ake ba, har kina tambaya ko bangaskiyarki ce ta yi sanyi. Ni dai ban ga haka ba.

Na daɗe ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma na lura yawancinmu daga Ishaya 9:6 muke farawa, ayar "Sarkin Salama" da ake rubutawa a kan katin Kirsimeti. Ki ɗan koma baya zuwa sura 7. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai za su auka wa Urushalima. Ahaz sarkin Yahuza da jama'arsa suka tsorata, zukatansu na kaɗawa kamar itatuwa a cikin iska. A cikin wannan firgicin aka ba da alamar Immanuwel, ga sarkin da ko alamar ma ya ƙi roƙa.

Haka sura 9. Ƙasar Zabaluna da Naftali da aka ce za ta ga babban haske, tana cikin yankunan da Assuriyawa suka fara cinyewa, suka kwashe mutane. Aya ta 5 kuwa, wadda ba kasafai ake karanta ta ba, maganar takalman mayaƙa take yi da riguna jina-jina da za a ƙone. Masu makoki aka yi wa alkawarin nan. Bayan shekara fiye da 700, a wannan yankin Yesu ya zauna, a Kafarnahum, ya fara wa'azi. Matiyu 4 ya nuna haka.

Wata gwauruwa a ƙungiyarmu, shekarar da ta yi rashi, ba ta iya rera ko baiti ɗaya ba. Takan zauna a bencin baya riƙe da littafin waƙa a rufe. Ba wanda ya matsa mata. Da muka kai Luka 2, ita ce ta tsayar da mu a kan Hannatu, gwauruwar da ba ta rabuwa da Haikali, da kuma Saminu, wanda ya rungumi jaririn ya yabi Allah, sa'an nan ya gaya wa Maryamu takobi zai soki zuciyarta. Gwauruwar ƙungiyarmu ta ce ashe ana iya riƙe Almasihu a hannu, baƙin ciki kuma yana nan tafe.

Ba zan ce miki zafin zai wuce kafin 25 ga Disamba ba. Masu cewa "ki daina kuka, lokacin murna ne" nufinsu alheri ne, amma sun yi garaje. A makon nan ki karanta Ishaya 7 zuwa 9 a jere, kada ki tsallake sura 8. In zuwa sujada ke kaɗai ya yi miki nauyi, ki nemi wata 'yar'uwa ta biyo miki ku tafi tare.