Ki bar kishiyar Hajiya ta karanta mata

Wa alaikumus salam, 'yata. Saƙonki ya iso ni tun ranar Laraba, ciwon gwiwar nan ne ya hana ni zama in ba ki amsa. Ina maigidan, ina Hajiya da jiki? A gaishe min da su.

Sau biyu na karanta. Kin ce Ummi ta shiga shekara 14, tana aro littattafan labari daga laburaren makarantarsu, ta shige ɗaki ta saki labule, sai an yi mata kira uku kafin ta amsa. Surukarki Hajiya kuma ta ce wannan ba al'adarmu ba ce, irin karatun nan ne ke buɗe wa 'yan mata ido. Ke kuma kin rasa tudun dafawa, kina tambayata ko a hana ta, in kuma za a bar ta, wane littafi ya dace. Na ma lura ko a rubuce kin kasa ambaton sunanta, "yarinyar nan" kika yi ta cewa. Zan dawo kan wannan kunyar taki ta 'yar fari, don tana cikin maganar.

Kada ki ja da Hajiya. Tsoronta yana da tushe. Amma in ta ce labari ba al'adarmu ba ne, ki tambaye ta cikin ladabi wa ya koya mata Gizo da Ƙoƙi. Mu da labari aka raine mu. Bayan an ci tuwon dare, sai mu kewaye kakarmu a tsakar gida, ta ce "ga ta nan ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta". A tatsuniyoyin nan babu abin da babu: kishi, auren dole, yarinyar da ta ƙi samarin gari ta zaɓi baƙo kyakkyawa ashe dodo ne. Ai soyayya ce wannan, da ita da gargaɗinta a ƙunshe wuri ɗaya. Abin da aka hana mu shi ne tatsuniya da rana, har ana tsorata mu cewa mai yin ta ɓata yake yi, wanda na san dabara ce kawai don kada a bar wanke-wanke. Kuma ba a taɓa jin labari a kaɗaice ba. Babba na zaune, shi ke da bakin, yana kallon fuskarki lokacin da dodon ya fara tuɓe kayan aronsa. To abin da ya ɓace a gidanku ke nan. Ba littafin ne baƙo ba, labulen da Ummi ke saki ne.

Littafin kuwa ya girmi Hajiya. A 1933 aka yi gasar ƙaga labarai a Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam a lokacin saurayi ne, bai daɗe da haura ashirin ba. Ki ji a rubutun Ruwan Bagaja ma, akwai ƙuruciya da tsokana, musamman inda yake ta ramuwar gayya da Malam Zurƙe. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, kuma ki dubi yadda ya gina shi: aku ne ke ta ba ɗan sarki labarai don ya riƙe shi a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Wato labari ne ake tsare yaro da shi. Ina aji shida na kawo littafi na farko gida, an naɗe bangonsa da takardar buhun siminti. Kakarmu ba ta san ko "a" ba a boko, ta hango ni ina dariya ni kaɗai gaban fitilar ƙwai, ta ce, "Ke, da aljanu kike hira? Zo ki karanta mu ji." Daren nan har kalanzir ya ƙare tana musu da aku, tana cewa wannan tsuntsu ya cika surutu amma yana da gaskiya. Tun daga ranar ba ta sake ce min na ɓata lokaci ba, sai dai ta tambaye ni ina muka tsaya.

Waɗannan biyun na Imam ta fara da su in ba ta riga ta karanta ba. Shaihu Umar ya fi nauyi, akwai bauta da ƙetare hamada, da uwa mai bin sawun ɗanta har ƙasashen Larabawa. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi.

Na san ba su kike jin tsoro ba, na soyayya ne. Shekaruna na koyarwa na ƙwace su ba adadi. Akwai ranar da na ga wata ɗaliba ta nutsu a darasin lissafi, nutsuwar da ban saba gani ba. Na zagaya ta bayanta, ashe ɗan ƙaramin littafi ne ta cusa cikin na lissafin. Na karɓe, na yi mata faɗa sosai, na tafi da shi gida da niyyar in jefa a murhu. Ina jiran tukunya ta tafasa na buɗe shafin farko. Wallahi sai da miyar ta kama. Washegari na mayar mata, na ce ta zo bayan an tashi ta gaya min ko a ganinta yarinyar cikin labarin ta kyauta wa mahaifinta. Mun fi rabin awa muna magana, kuma a nan na gane wani magidanci ne ke tare ta a hanya yana ba ta kuɗi. Da na ƙona littafin, da ban ji ba. Shi ya sa ko a 2007, da aka ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano, ban ga abin da aka kashe ba sai takarda.

Ba duka ne na kirki ba, kada ki ce na faɗa. Akwai na shirme, mota da gwala-gwalai daga farko har ƙarshe. Amma akwai waɗanda zan miƙa wa jikata da hannuna. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, da ya fito a 1980, labarin Bafulatana ce da ta so wanda ba danginta ba, kuma an rubuta shi da kunya irin tamu. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu kuwa kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ne, da yadda ta koma neman ilimi. Wannan ki jira ta ƙara shekara ɗaya ko biyu, kuma ki riga ta karantawa.

In akwai abin da zan sa miki ido a kai, waya ce. Littafin laburare yana da sunan marubuci a bango, ya bi ta hannun mai tacewa, malami ya zaɓo shi, kuma yana da kauri, ba ya ɓuya a ƙarƙashin hijabi da sauƙi. Na cikin WhatsApp kuwa, wasu ba a ma san mai rubuta su ba, shafi-shafi ake sako su da dare, wani har sai an biya kuɗi a shiga rukuni, kuma abin da ke cikin wasunsu ko matar aure sai ta kau da kai. In kika hana ta na takarda, can za ta koma, inda ba za ki gani ba.

Yanzu kunyar taki. Ban ce ki yar da ita ba, ni ma ban taɓa kiran sunan babban yayanku a gaban mutane ba. Amma magabata da suka ɗora wa uwa wannan kunya ba su bar yarinya haka nan ba. Sun ba ta kaka, wadda ke kiran ta kishiya, suna tsokanar juna, ta faɗa mata abin da ba za ta taɓa faɗa miki ba. Aikin Hajiya ne wannan tun asali. Ki sa maigidanki, ba ke ba, ya ce wa mahaifiyarsa tunda idonta ya yi rauni, Ummi za ta riƙa karanta mata shafi biyu-uku bayan isha'i. A fara da na akun nan. In aka zo na soyayya, duk inda muryar Ummi ta sarƙe ko ta tsallake layi, Hajiya za ta gane kafin ke.

Sai ladabin aro, tunda kayan mutane ne. Ta naɗe bango, kada ta lanƙwasa kusurwar shafi, kada ta ci abinci a kansa. Ni tabon manja ɗaya ya ja min sharar laburare mako guda. Kada ta ara wa ƙawa abin da ita ma aro ta yi, kuma ranar da aka ce a mayar, a mayar ko ba ta gama ba, ta sake arowa. Ba karatu sai an gama aikin gida da haddar Islamiyya, kuma in kin kira, amsa ɗaya.

In an yi hutun Sallah ki turo min ita kwana uku. Akwatin ƙarfen nan na littattafai da ke ƙarƙashin gado yana nan, sai dai gara ta ɗan taɓa na ƙasa. Ta zo min da Magana Jari Ce na biyu da kika ara tun kina amarya.

Gwaggonki.