Hukuncin Kwafar Bidiyo da Nuna Shi a Laburaren Jami'a

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikaciya ce a laburaren wata jami'a, kuma sashen bidiyo ne a hannuna. Muna da faya-fayan DVD da jami'a ta saya da kuɗinta, da tsofaffin kaset-kaset da suka fara lalacewa. Kusan kullum sai wani malami ya tsaya min a kanta da filashi a hannu, ya ce in kwafa masa fim ɗin ilimi sukutum, ko in ɗora shi a rumbun kwamfutar jami'a ɗalibai su riƙa kallo daga ɗakunansu. Wani kuma so yake ya buɗe asusunsa na Netflix ya haska wa aji. Ƙungiyar ɗalibai ma ta nemi aron faifai don daren kallo da kuɗin shiga. Idan na yi maganar lasisi sai a ce min ɓoye ilimi haramun ne, kuma ai masu fina-finan ba Musulmi ba ne. Me shari'a ta ce, kuma ina matsayina ni da abin yake bi ta hannuna?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, da kika tsaya kika tambaya kafin ki miƙa hannu. Abubuwan da kika jero hukuncinsu ba ɗaya ba ne, amma duk a kan tushe guda suke: shin aikin da mutum ya yi da basirarsa dukiya ne da shari'a take karewa?

Malaman farko ba su tattauna wannan da sunan da muka san shi a yau ba, domin a zamaninsu kwafar littafi aikin watanni ne da alƙalami da tawada, kuma mai kwafa ba ya rage wa marubuci komai. Sai dai asalin yana cikin littattafansu. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ɗauki amfanin abu a matsayin dukiya, kamar yadda shi kansa abin yake dukiya. Hanafiyyan farko ne suka taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a adana. Da injin ɗab'i ya zo, daga baya kaset da faifai suka biyo, sai mas'alar ta fito fili. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, wato 1409 bayan Hijira, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43: haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi a al'adar mutanen yau, shari'a ta yarda da su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai waɗanda suka saɓa, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, wanda ya ga cewa wanda ya sayi littafi ya mallake shi, ba mai hana shi sake buga shi. Ɗansa, Mufti Taƙi Usmani, ya bi ra'ayin tabbatar da haƙƙin. Wannan ne ra'ayin mafi yawan malaman zamani, kuma shi nake ba da fatawa a kai. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya zama ciniki ne bisa yardar juna. Fim ɗin ilimi na awa ɗaya yakan ci shekaru ana bincike da tafiye-tafiye da biyan masu ɗaukar hoto, da yawan masu yinsa kuma ƙananan kamfanoni ne waɗanda da kuɗin lasisin makarantu suke mayar da abin da suka kashe.

Hadisin da ake kafa miki hujja da shi tabbatacce ne: wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta ranar ƙiyama, Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. To amma wanda ya haɗa fim ya fitar da shi kasuwa, yana neman masu saye, me ya ɓoye? Neman ladan aiki yake yi, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. Maganar cewa ba Musulmi ba ne kuwa, ita ce ta fi damuna, domin tana fitowa daga bakin masu tarbiyyar ɗalibai. Mugira ɗan Shu'uba ya yi tafiya da wasu mutane a jahiliyya, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya ce masa Musuluncin ya karɓa, dukiyar kuwa ba ruwansa da ita, saboda da yaudara aka same ta. Wannan ma yana cikin Bukhari. Kafircin mutum ba ya halatta cin amanarsa.

Yanzu ga mabuɗin aikinki. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin mallakar amfani da mallakar amfana. Wanda ya mallaki amfani, kamar mai hayar gida ba tare da wani ƙaidi ba, yana iya zama da kansa, yana iya zaunar da wani. Wanda aka ba shi damar amfana kawai, kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar waƙafi, shi kaɗai zai zauna, ba ya sayarwa, ba ya ba da haya. Duk wani bidiyo da ya shigo laburarenki, ki tambayi kanki da wace irin mallaka ya shigo. Faifan da aka saya, jikinsa na jami'a ne. Haƙƙin yawaita abin da ke cikinsa yana nan a hannun mai shi. Lasisin kallo ta intanet kuwa galibi damar amfana ce zalla, ga mutane ƙayyadaddu, zuwa lokaci ƙayyadadde, kuma abin da aka sa wa hannu shi ne ma'auni, saboda faɗin Allah a farkon Suratul Ma'ida: ku cika alƙawura, da faɗin Annabi (SAW): Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Ba da aron faifan asali ga malami ko ɗalibi halal ne, aro ne irin wanda fiƙihu ya sani, matuƙar dokar ƙasarku ba ta sa masa wani sharaɗi ba, don wasu ƙasashen Turai sun sa.

Nuna shi a aji ma halal ne a inda doka ta keɓe koyarwa, kuma ƙasashe da yawa sun keɓe. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan kare haƙƙin wallafa, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, ta bar wa kowace ƙasa ta halatta amfani da aikin wani don misali a wajen koyarwa, gwargwadon buƙata, tare da ambaton mai shi. Dokar haƙƙin wallafa ta Amurka ta 1976, a sashe na 110, ta yarda malami ya nuna fim a aji gaba da gaba a makarantar da ba ta neman riba, muddin kwafin na halal ne. Dokar Ingila ta 1988, a sashe na 34, ba ta ɗauki nuna fim ga ɗalibai da malamansu don darasi a matsayin nuni ga jama'a ba. A wurinmu wannan yana da nauyi, domin mai fim ya shigo da hajarsa kasuwa ne yana sane da dokar da ke wurin, kuma ƙa'ida ta ce abin da aka sani a al'ada kamar abin da aka shardanta ne da baki. Saboda haka 'yar rubutun nan da ke bayan kwali, mai cewa don kallo a gida kawai, ba ta goge damar da doka ta ba aji. Amma idan jami'arku ta sa hannu a takarda ta musamman da mai sayarwa, aka rubuta wani sharaɗi a ciki, to wannan takardar ce za ku bi. Ki nemi dokar ƙasarku ki karanta sashen makarantu da laburare da idonki, ko ki tambayi lauyan jami'a, kada ki ɗauki dokar wata ƙasa ki yi aiki da ita.

Kwafar fim sukutum a filashin malami, ko ɗora shi a rumbun jami'a ba da izini ba, wannan bai halatta ba. An sayi faifai ɗaya, an mai da shi ɗari biyar, kuma daidai wannan hidimar ce mai fim yake sayar wa makarantu da lasisi na dabam. Fayil ɗin da ya shiga filashi ɗaya, kafin ƙarshen zango yana wayar kowane ɗalibi. Gutsuren minti uku ko biyar da malami zai yi sharhi a kansa, a shafin da ɗaliban darasin kaɗai ke shiga, shi ne abin da dokoki suka fi sassautawa a kai. Ko dokar Amurka ta 2002 kan karatu daga nesa, ga fina-finai yanki madaidaici ta halatta. Wannan ba na ganin laifinsa idan dokarku ta ba da dama.

Asusun Netflix na malami shi ne ainihin ɗakin waƙafin da Ƙarafi ya ba da misali da shi. Ya danna amincewa da cewa don kansa da mutanen gidansa ne, to alƙawari ya hau kansa. Kamfanin ya ware wasu fina-finansa na ilimi da ya yarda a nuna a makaranta ba tare da karɓar kuɗi ba. In fim ɗin yana cikinsu, ya haska abinsa. In ba ya ciki, a nemi wata hanya. Haka hukuncin yake ga kalmar sirrin rumbun bidiyon da jami'a ta biya wa mutanenta: ba kya ba ƙawa ko ɗan'uwa da ke waje.

Daren kallon ɗalibai nuni ne ga jama'a, ba darasi ba ne, yana buƙatar lasisinsa ko da kyauta za a shiga. In aka sa kuɗin ƙofa ba da izini ba, an yi kasuwanci da dukiyar wani ke nan, kuma ribar ba ta da tsarki.

Kaset-kaset ɗin nan kuwa, a kansu nake so ki ba da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kaset ya ga farar fumfuna ta kwanta a kan zaren, ya sa a na'ura hoton yana rawa, murya tana shaƙewa, ya san abin da ake gab da rasawa. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset ɗin VHS, ya daina tun 2016. Wasu kaset ɗin laccocin malaman da suka rasu ne, ko hoton wuraren da yanzu babu su, kuma wataƙila kwafinku ne kaɗai ya rage. Mayar da irin wannan zuwa kwamfuta halal ne, har ina ganin wajibi ne a kan wanda aka damƙa wa amanarsa, domin shari'a ta hana tozarta dukiya. Sharaɗin shi ne a fara neman sabo a kasuwa. In yana samuwa da farashi na hankali, a saya. In babu, a yi kwafin adanawa ya maye gurbin na asali, a yi amfani da shi yadda ake amfani da na asalin, kada a watsa shi a intanet. Sashe na 108 na dokar Amurka kusan haka ya tsara: kwafi har uku, kuma na kwamfuta ba ya fita harabar laburare. Ki rubuta ranar da kika nema da inda kika nema, ki ajiye a fayil.

Na san za a ce lasisi yana da tsada, kuma gaskiya ne, wani lokacin tsadar ta wuce kima. Ina kira ga masu haƙƙi su ji tsoron Allah su sassauta wa makarantun da ba su da ƙarfi, ina kuma kira ga shugabannin jami'o'i su ware wa wannan kuɗi a kasafi kamar yadda suke ware wa gini, su daina barin ƙaramar ma'aikaciya tsakanin malami mai gaggawa da haƙƙin wani. Sai dai malaman fiƙihu sun ce matsuwa ba ta ɓata haƙƙin wani. Wanda yunwa ta kai shi ga halaka ya ci abincin wani, an ɗauke masa zunubi, biya kuwa yana kansa a wurin mafi yawan malamai, balle darasin da ake iya samar masa madadi. Ki rubuta wa mai fim kai-tsaye, da yawansu sukan ba da izini ko ragi idan suka ji makaranta ce. Akwai bidiyoyin da masu su suka saki da lasisin Creative Commons, wato izinin amfani kyauta bisa wasu sharuɗɗa, akwai waɗanda wa'adin kariyarsu ya ƙare. Mafi ƙarancin wa'adin fim a yarjejeniyar Berne shekara 50 ne daga fitowarsa, ƙasashe da dama kuma sun ƙara a kai. Abin da mai shi ya ɗora da kansa a YouTube, a tura wa ɗalibai adireshinsa su kalla a can. Duk wannan magana a kan bidiyon da kallonsa ya halatta ne. Wanda ke ɗauke da batsa, lasisi ba ya tsarkake shi.

Ke kuma amintacciya ce a kan abin da ke hannunki. Idan kika kwafa da hannunki kina sane, kin yi tarayya a laifin, domin Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Idan kika ba da aro ta hanyar da ta dace, wanda ya ara ya je ya kwafa a ɓoye, nauyin yana wuyansa. In shugabanki ne ya umarce ki, ki bayyana masa cikin ladabi, a rubuce, ki kawo masa madadi, kuma babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci. Abin da aka riga aka ɗora a baya cikin rashin sani, a sauke shi ko a nema masa lasisi, a nemi gafarar Allah.

Wallahu a'alam.