Filin Tambaya da Amsa: Farantin Firintar 3D, Wutarsa da Zafinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa firintar 3D da allon sarrafawa RAMPS 1.4 da faranti MK2B, wato shimfiɗa mai dumama da ake buga abu a kanta, a kan bolt 12. Idan robar PLA nake aiki da ita lafiya lau, amma da na nemi digiri 100 saboda robar ABS sai ya cije a 85. Kuma koriyar mahaɗar wuta da ke kan allon ta yi baƙi, har tana ƙauri. Farantin ne ya lalace? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya laifin farantin ne. Cire wuta, ka kwance wayoyinsa daga allo, ka ɗora musu mitar auna turjiya. MK2B mai lafiya a haɗin bolt 12 yana nuna wajen om 1 zuwa 1.3. Mu ɗauka 1.2 ne: raba 12 da 1.2, ka sami amfiya 10, wato wat 120. Duk injin babu abin da ya kai shi cin wuta, kuma wutar nan gaba ɗayanta ta wannan 'yar mahaɗar take bi.

Nan ne gizo ke saƙar. Idan sukurun mahaɗar ya ɗan saki har wurin ya sami turjiyar om 0.05 kacal, amfiya 10 za ta haifar da zafin wat 5 a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Robar ta yi laushi, sukuru ya ƙara saki, zafi ya ƙaru. Wutar da ta ɓata a nan kuma ba ta isa farantin ba. Mafi yawan lokuta sanadin shi ne bakin waya da aka shafa wa dalma kafin a ɗaure. Dalma tana lotsawa a hankali a ƙarƙashin sukuru. Yanke bakin nan, ka fere sabo, ka matse masa hular ƙarfe da ake kira ferul, sannan ka ɗaure. Wayar kanta kaurinta kada ya gaza 14 AWG, kusan milimita 2 murabba'i, mai taushi, domin farantin kai da komo yake yi. Ka ɗaure ta a jikin firam yadda motsi ba zai riƙa lanƙwasa wurin dalmar da ke jikin farantin ba. Mahaɗar da ta riga ta yi baƙi kuwa ba a lallaba ta, sauya ta ake yi.

Duba haɗin farantin ma. A bolt 12, waya ɗaya tana zuwa wurin dalma mai lamba 1, ɗayar ta haɗe lamba 2 da 3 tare. Wanda ya manta ɗayansu rabin faranti kawai yake dumamawa.

RAMPS na da wata matsalar: fiyus ɗinsa na faranti amfiya 11 ne, ga shi kana jan 10, kusa da bakin iyaka. Shawararmu ka sayi allon MOSFET na waje, wato makunnin lantarki, mai ɗaukar amfiya 25 ko fiye. Wayoyi biyu masu kauri daga akwatin wuta, wato na'urar da ke ba injin bolt 12, kai tsaye zuwa gare shi, biyu daga shi zuwa faranti, siraran biyu daga D8, mafitar wutar faranti a RAMPS, su zama umarni kawai. Sa fiyus na amfiya 15 a wayar da ke shiga. Akwatin wutar ya kai amfiya 20 aƙalla, 30 ya fi kwanciyar hankali. Yayin da farantin ke dumama ka auna bolt a bakinsa. In ka ga ƙasa da 11.5, akwatin ko wayoyin ne ke ci maka. Sannan ka manna faifan cork, irin abin toshe kwalba, ko audugar hana zafi a ƙarƙashinsa, ka kauda fanka daga kansa.

Tambaya: Malam, zafin farantina yana lilo tsakanin 57 da 63 alhali 60 na sa, kuma jikin abin da na buga yana fitowa da layi-layi.

Amsa: Marlin, manhajar da ke sarrafa firintar, yana zuwa ne da tsarin kunna-kashe: ya saki wuta gaba ɗaya, ya wuce, ya yanke. Farantin na ɗan kumbura yana komawa, shi ne layin da kake gani. Buɗe PIDTEMPBED, tsarin da ke sakin wuta daidai gwargwado, a fayil ɗin Configuration.h, ka sake loda manhajar, ka aika wa firintar umarnin daidaita zafi M303 E-1 S60 C8 U1, in ya gama ka adana da M500. Ka tabbata tamistar, wato 'yar na'urar auna zafin, tana manne a tsakiyar farantin da tef ɗin Kapton mai jure zafi. Mai 100k tana nuna kusan om dubu 100 a digiri 25. In allon nuni ya ce MINTEMP, wayarta ce ta tsinke. Kada wani ya ce maka ka kashe THERMAL_PROTECTION_BED, tsarin kariyar zafin faranti, don ƙorafin ya daina. Ranar da tamista ta ɓalle, shi kaɗai zai yanke wuta.

Tambaya: Ina son faranti mai faɗin milimita 300. In sayi shimfiɗar silikon mai aiki da wutar gida kai tsaye? Daga Kano.

Amsa: Tana dumama da sauri ƙwarai, amma yanzu bolt 230 ke yawo a jikin ƙarfen da kake taɓawa. Ka tabbata ta 220 zuwa 240 ce, ba ta 110 irin ta Amurka ba. Mai wat 750 tana jan amfiya 3 da ɗoriya. Lissafa wannan da inbata ko janaretanka. Ba a kunna ta da MOSFET, sai da SSR, makunnin lantarki mai karɓar umarnin DC ya saki AC, a wayar mai rai, da abin sanyaya shi a baya. Jabu sun cika kasuwa, kuma SSR in ya mutu yawanci a kunne yake mutuwa, manhaja ba ta da ikon kashe shi. Don haka dole ka jera fiyus na zafi mai tsinkewa a wajen digiri 130 zuwa 150, manne da farantin, ka kuma ɗaure wayar ƙasa a jikin alminiyom ɗin da sukuru. In soket ɗin shagonka ba shi da wayar ƙasa ta gaskiya, ka tsaya a faranti mai bolt 24: rabin amfiyar bolt 12 yake ja a wat iri ɗaya, zafin mahaɗa kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.