Amsa ga Habu kan jeren waƙoƙinsa

Habu, na ji tambayarka. Ka ce kana da waƙa goma sha huɗu a waya, kowace in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ji daɗi, amma in ka jera su sai ka ji kamar mawaƙa biyar ne suka yi taron dangi. Ka juya jeren, ka sake juyawa, abin ya ƙi zama albam. Yanzu kana so in faɗa maka wadda za ta zo farko da wadda za ta rufe.

Ba daga nan za mu fara ba, don ba a jeren ciwon yake ba. Na saurare su duka, kuma abin da na ji shi ne kusan kowace waƙa da mai ita. Uku na amare ne, da sunan amarya da na ango da na uwar biki a ciki. Biyu na kansila ne, na lokacin zaɓe. Huɗu na soyayya ne da ka yi a fiyano don ka ga yaran Kano suna yi. Sauran biyar ɗin su ne naka na kanka: ta noman riɗi, ta gayya, ta ɗan ci-rani, da biyun nasiha. To ta yaya za su zauna wuri ɗaya? Ko wa ka ba ya jera maka, haka za su fito.

Ka fara tambayar kanka wa zai saurara, kuma a ina. In direban da ke ɗaukar fasinja daga Gumel zuwa Kano ne, da mai shayin bakin tasha, da manomin da ya rataye 'yar rediyon kati a reshen darbejiya yana shara, to waɗannan biyar ɗin ne gindin aikinka. A nan muryarka take sakewa. A na soyayyar maƙogwaronka a ɗaure yake, kana bin fiyano maimakon kiɗa ya bi ka. Ban ce ba su da daɗi ba, amma akwai ɗari irinsu a situdiyoyin Zoo Road a Kano, kuma sun fi ka iyawa.

Na kansila kuwa ka kai masa abinsa, ai ya biya. Waƙar siyasa da an rantsar da mutum ta fara tsami, sannan rabin garin nan ɗaya jam'iyyar suke, da ta shigo direba zai danna ta gaba, wataƙila ma ya cire katin gaba ɗaya. Na amare ma haka, na gidan biki ne. Sai dai waccan ta biyun, mai gindin da ke yi wa amarya faɗan zaman haƙuri, in ka cire sunaye ka ƙara mata ɗiya biyu, wato baiti biyu, za ta shiga cikin na nasiha ta zauna daram. Ka ga shida ke nan. Ka yi sababbi biyu a kan turken noma da neman na kai, takwas sun isa. Na san da zafi mutum ya ajiye waƙar da ya kashe wa kuɗi, to amma ba zubarwa za ka yi ba, ka sake su ɗai-ɗai.

Sai maganar sauti, wadda ita ce kunnenka yake ji ka kasa gane sunanta. Waƙar riɗi da hunturu kuka ɗauke ta. Fatar kalangu ta bushe ta ɗame, muryarsa ta hau sama tana ƙara tas-tas, kai ma ka ɗaga taka muryar don ka cim masa. Ta gayya kuwa a tsakiyar Agusta aka yi ta, laima ta sa fata ta saki, ko Sale mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata iya ƙarfinsa kalangun a ƙasa yake magana. In ka sa su kusa da juna dole a ji kamar an canza makaɗi. Ga kuma amshi: a wasu yaranmu ne su uku da muryarsu ta ƙauye, a wasu wata yarinya ce ta situdiyo da na'ura ta sirance mata murya. Ita ba ta yi laifi ba, amma ba gida ɗaya suka fito da su Sale ba.

Maganinsa ka sake ɗaukar takwas ɗin a mako guda, a situdiyo ɗaya, hannun injiniya ɗaya, da kalangu ɗaya da 'yan amshi ɗaya. Kada ka rera huɗu da sassafe murya na dushe, huɗu da dare ta buɗe. Ka tsayar da lokaci. In an gama, ka zauna kusa da injiniyan ka ce ya daidaita ƙararsu duka, kada wata ta sa a ƙara murya wata kuma ta fasa kunne. Ka hana shi cika amsa-kuwwa. Suna son ta, amma tana cinye kalmomi, mu kuwa kalma muke sayarwa.

Yanzu sai jere. Mu da muka yi zamanin kaset, kaset ɗin ne ya koya mana. Kaset ɗin C60 minti 30 ne kowane gefe, saboda haka kana da buɗewa biyu da rufewa biyu, kuma dole waƙar ƙarshen gefen farko ta sa mutum ya tashi ya juya kaset. A lokacin, dillalan kaset na kasuwar Ƙofar Wambai ba sa jira su ji duka, farkon kowane gefe suke saurara su yanke hukunci. Magabatanmu da suka yi faifan garmaho na farko nasu ya fi tsanani, wajen minti 3 ne gefe guda, mutumin da ya saba kwana yana waƙa ɗaya sai ya zaɓi ɗiyan da suka fi nauyi. Kai waya ba ta ƙayyade maka komai, shi ya sa kake zuba goma sha huɗu. Ka ɗauka kaset ne a hannunka: huɗu da huɗu.

A dandali da take muke farawa, a hankali, har mutane su taru. A albam ba ka da wannan sararin, yatsa na kan maɓalli. Ka buɗe da ta gayya, tunda kiɗanta yana kamawa nan take kuma amshinta gajere ne. Ta riɗi, wadda ta fi duka, ka sa ta ta uku, lokacin kunne ya zauna. Ta ɗan ci-rani mai sanyi ta rufe huɗun farko. Kada ka haɗa biyu masu gudun kiɗa iri ɗaya a jere, kuma nasiha biyun nan ka raba su, duka da salati iri ɗaya ka buɗe su, in suka biyo juna za a zaci maimaici ne. Abin da zai nuna maka ko biyu sun dace shi ne ka saurari wutsiyar ta farko da kan ta biyu kawai, ka yi ta maimaitawa. In muryarka ta sauka a ƙasa ta gaba kuma ta ɗauka kusa da nan, sun dace. In ta yi tsalle har ka ji a ƙirjinka, ka canza.

Wani ƙaramin abu da yake ɓata wa mutane aiki: masu tura waƙa a kasuwa ba ruwansu da jerenka. Ka sa lamba a gaban sunan kowace, 01, 02, har 08, a jaka ɗaya. Wasu rediyoyin katin ma ba sa duba suna, yadda aka zuba suke bi, don haka katin farko kai za ka zuba da hannunka, ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka saki, ka ba wani direban motar Maigatari katin ranar Alhamis, ka zauna a baya cikin 'yan kasuwar shanu, kada ka ce kai ne mai waƙar. Ka lura da inda hira take tashi ta danne kiɗa, da inda wani zai ce a mayar. Ka dawo ka faɗa mini wace ce aka yi surutu a kanta, sai mu ga ko matsar da ita za a yi ko cirewa. Ka kuma gaya wa Sale ya sake wa kalangunsa fata tun yanzu, don ta zauna kafin ranar ɗauka.