Filin Tambayi Masana Magunguna: Jel Ɗin Ciwon Gwiwa Da Man Kaɗanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, ga kuma olsa, shi ya sa likita ya hana ta ƙwayar diclofenac, ya rubuta mata na shafawa, irin jel ɗin nan. Takan kwaɓa shi da man kaɗanya, ta naɗe gwiwar da leda ta kwana, wai don ya fi ratsawa. Hakan daidai ne?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. A lallaɓa ta ta bar haɗin nan, ta bar ledar ma.

A saman fatar mutum akwai wani ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta da maiƙo, bai kai silin gashi kauri ba, amma shi ke tare kusan duk abin da aka shafa. Don haka abin da aka kwaɓa magani da shi ne ke yi masa jagora. Yawancin jel ɗin diclofenac na ɗauke da ruwa da alkohol da wani sinadari, propylene glycol. Da an shafa sai alkohol ɗin ya bi iska, shi ne sanyin nan da ake ji, maganin ya taru da ƙarfinsa a kan fata, sinadarin kuma ya sassauta maiƙon ɓawon har maganin ya kutsa. Man kaɗanya yana surka wannan haɗi, ya ɓata awon da aka yi masa.

Leda kuwa tana tara gumi, fata ta jiƙe, magani ya shiga fiye da kima, a samu ƙuraje da ƙaiƙayi. Haka gashi da ruwan zafi bayan shafawa. Wannan ya fi damun mu saboda olsar. In an shafa bisa ƙa'ida, abin da ke kai wa jini kusan kashi 6 ne cikin 100 na abin da ƙwaya ke kaiwa, kuma wannan ƙarancin ne likitan ya nema mata.

Jel mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, giram 4 ake shafa wa gwiwa ɗaya, sau 4 a rana. Wuyan hannu giram 2. Kada jimilla ta wuce giram 32 a yini. In babu katin awo a kwalin, matsi ɗaya daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko kusan rabin giram ne, kenan matsi 8 ga gwiwa. Fatar ta kasance busasshiya, a murza a hankali har ya ɓace, a wanke hannu. A jira minti 10 kafin a sauke zane, awa ɗaya kafin wanka. Mai shafawa a hannu ko idon sawu ya yi bayan alwala, ba kafinta ba.

Kada ya taɓa rauni ko fason hunturu, don nan shingen ya riga ya tsage. A duba sunan da ke jikin bututun kuma: in ketoprofen ne, wato wani maganin ciwo na shafawa daban da diclofenac, a rufe wurin daga rana lokacin amfani da shi da makonni 2 bayan an daina, domin yana iya ƙona fata har ta yi bororo.

Sauƙi kan ɗauki kamar mako guda. Kada ta haɗa da ƙwayar ibuprofen ko makamanciyarta, kuma in ta ga baƙin bayan gida ko ciwon ciki ya taso, ta dakata ta koma wurin likitanta a ranar.